Wai Kifin Ma Ƙaura Yake Yi?

Maman Ummi (Sabon Gari): Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin cikinmu ku raba mu gardama da ɗan yayata. Shekarata goma sha ɗaya ina suyar kifi da yamma. Jiya na dawo daga ɗakin sanyi ina ta mita, kuɗin da na saba ɗaukar katan biyu na taitus yanzu ɗaya ma sai na yi ciko, ita ma bandar bonga da nake saya wa masu miyar kuka ta ƙanƙance kamar an matse ta. Sai yaron nan ya ce wai Anti ki daina zagin dila, teku ne ya yi zafi kifin ya ƙaura. Na ce masa kai yaro, ruwan da ba a ganin ƙarshensa wa ya hura masa wuta? Ya dage. To gaskiya ne ko karatu ne ya yi masa yawa?

Abba Bakano: Wa alaikumus salam. Hajiya, dala ce. Kada ki bari 'yan boko su juya miki kai. Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, me ya rage bai tashi ba? Kifin ƙanƙara da dala ake shigo da shi, a tirela ake ɗauko shi daga Legas, da dizal ake sanyaya shi. Ku Zage-zagi da son dogon bayani, ko tumatir ya yi tsada sai ku ce sauyin yanayi.

Sadiq Gyallesu: An ambaci kuɗi, Bakano ya farka.

Abba Bakano: Bawana, yi shiru manya na magana.

Dakta (Samaru): Wa alaikumus salam. Maman Ummi, Abba ya yi gaskiya a kan farashi, kaso mafi tsoka na tsadar da kika gani jiya dala ce da dizal. Amma ɗan yayarki ma bai yi ƙarya ba. Abin da nake so ki fara yi shi ne ki raba kifayen nan biyu da kika ambata, domin ba gidansu ɗaya ba. Taitus kifin tsakiyar teku ne mai sanyi, can arewacin Atilantika, wajen su Norwe da Sikotlan. Bonga kuwa namu ne na Afirka ta Yamma, kuma zamansa a bakin kogi yake, inda ruwan daɗi yake gamuwa da ruwan gishiri.

Ruwan irin wannan wuri shi muke kira ruwan zartsi. Kowa a Zariya ya taɓa shan ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, mai ɗan gishiri-gishiri a harshe. To ki ɗauka kogi ne guda haka, yana ƙaruwa da gishiri in teku ya turo, yana komawa ruwan daɗi in damina ta turo. Ruwan teku tsantsa yana da wajen giram 35 na gishiri a kowace lita, na kogi kusan babu, na zartsi yana tsakani yana kai da komo. Wuraren nan su ne ɗakin renon kifi. Ba su da zurfi, abinci ya yi yawa, ga saiwoyin itatuwa da 'ya'yan kifi ke ɓuya a ciki. Kifaye da yawa da ake kamawa a teku a nan suka yi yarinta.

Kuma kada wani ya ce ina ruwan Bazazzagi da bakin teku. Ruwan Kubanni da ya ratsa garin nan Galma yake faɗawa, Galma ya faɗa kogin Kaduna, ya bi ta Shiroro ya haɗu da Kwara a ƙasar Nufe, ya ɗauki Binuwai a Lokoja, ya gangara Neja Delta. Ruwan wankin da aka zubar a Tudun Wada ma can zai ƙare.

Hauwa Kwarbai: Dakta, bari in shigo nan, ni gani ya kori ji. A Oron na yi bautar ƙasa, jihar Akwa Ibom, a bakin kogin Kuros Riba. Ranar farko da na je bakin ruwa na ɗauka teku ne, don ba na hango ɗaya gaɓar sosai. Matar da nake haya a gidanta sana'arta bandar bonga. Kwale-kwale na isowa za a juye kifin a manyan robobi, ba a fasa cikinsa, a wanke kawai a jera a kan ragar waya, kowane a jingine da ɗan'uwansa, a hura itace a ƙasa. Hayaƙin nan har cikin akwatina, hijabaina duk warin banda suke, da na dawo gida Mama sai da ta sa aka shanya su kwana biyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke karanta ruwan. Mijinta yakan tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya ce yau gishiri ya hau, kifin zai shigo ciki. Da rani, ruwan kogi ya ja baya, gishiri ya haura, bonga ya biyo shi. Da damina ta sauka sai ya koma wajen teku. Wato shi kifin dama can matafiyi ne, ruwan da ya yi masa yake bi.

Dakta (Samaru): Madalla, Hauwa, kin rage mini aiki. Abin da mutumin nan yake aunawa da harshe shi masana ke aunawa da na'ura. Gishiri ɗaya ne, zafi shi ne na biyu. Kifi ba kamar ni da ke ba ne, da jikinmu ke riƙe da digiri 37 ko ana hunturu ko ana bazara. Zafin jikinsa zafin ruwan da yake ciki ne. In ruwa ya ɗumama, komai na jikinsa sai ya ƙara sauri, ya buƙaci ƙarin abinci da ƙarin iskar oksijin. Ga kuma inda gizo ke saƙar: ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar na sanyi. Lita ɗaya ta ruwan daɗi a digiri 20 tana iya riƙe wajen miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Buƙata ta ƙaru, abin da ke akwai ya ragu.

Tambayar Maman Ummi kuma, wa ya hura wa teku wuta: hayaƙin fetur da gawayin ƙasa da gas da duniya ke ƙonawa yana tare zafi kada ya fita sama, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na wannan rarar zafin teku ne ke shanye shi.

Injiniya Shehu (Ɗanmagaji): Wannan maganar ta iska ni shaida ne, da kuɗina na koye ta. Ina da kwami huɗu a bayan gida, uku tarwaɗa, ɗaya na gwada ƙarfasa. Wata shekara cikin Afrilu, zafin nan na kafin saukar ruwa, na fito asuba zan tafi masallaci na haska tocila, sai na ga ƙarfasar duk sun taso sama sun jera baki suna haki kamar masu roƙo. Ba wuta, janareto ba mai. Kafin in samo mai in tada famfo rana ta fito, na kwashe matattu bokiti biyu. Tarwaɗar ko a jikinsu, don su suna iya leƙowa su shaƙi iskar sama. Da hunturu kuma matsalar juyawa take, ruwa ya yi sanyi, kifi ya ƙi cin abinci, masu ƙyanƙyasa suna kuka 'ya'ya na mutuwa. Na kwami ba shi da inda za shi. Na kogi ina jin tattara nasa ya nasa zai yi.

Maman Ummi (Sabon Gari): Allah sarki Injiniya, Allah ya mayar da alheri. Da ka kira ni ai da na rage maka asara.

Injiniya Shehu (Ɗanmagaji): Amin Hajiya. Maƙwabta suka ci rabonsu.

Dakta (Samaru): Hunturun da Injiniya ya ambata shi ne mabuɗin fahimtar abin a ƙasashen sanyi. Mutane suna ɗauka zafin bazara ne ke korar kifi. Sau da yawa ba haka abin ke farawa ba, sanyin hunturu ne yake sassauci, sai ƙofar da ke rufe ta buɗe. Misali a Fulorida ta Amurka akwai wani kifin bakin kogi da suke kira sunuk, ba ya jure sanyi, in ruwa ya faɗo wajen digiri 10 mutuwa yake. A da iyakarsa ta arewa a gaɓar yammacin jihar ba ta wuce yankin birnin Tampa da nisa ba. Daga wajen 2007 masu awo suka fara ganin yana yawaita can sama, a bakin kogin Suwani, har yana haihuwa a wurin. A watan Janairun 2010 wani sanyi mai tsanani ya sauka ya kashe su birjik a jihar, amma bayan 'yan shekaru suka farfaɗo suka ci gaba da haurawa. Su ma itatuwan bakin ruwan da yake fakewa a saiwarsu suna matsawa arewa tare da shi.

A Fotugal, bakin kogin Tagus da birnin Lisbon ke kansa, masu bincike sun kwatanta abin da ake kamawa a ƙarshen shekarun 1970 da na shekarun 1990, suka ga kifayen da suka fi son sanyi sun ja baya, wasu irin na gaɓar Afirka ta Yamma sun ƙaru. A Ostireliya kuma an auna bakunan koguna da tafkunan gaɓa 166 a jihar Niyu Sawut Wels na tsawon shekara 12, sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna sun ƙara zafi da sama da digiri 2. Wannan ya fi saurin ɗumamar teku nesa ba kusa ba, dalili kuwa ruwan ba zurfi, kamar ruwan faranti ne da na randa a rana.

Da aka tattara binciken halittun teku na duniya a 2013, an samu cewa gaban iyakarsu yana matsawa wajen sanyi da kimanin kilomita 72 duk shekara goma. Ku ɗauka daga nan zuwa kusa da Kaduna.

Abba Bakano: To alhamdu lillahi. Tunda arewa suke yi, mu ne Arewa. Mu zauna a Kwanar Dangora da kwando mu jira su.

Sadiq Gyallesu: Admin a cire mutumin nan don Allah.

Admin: Ba za a cire shi ba, shi ke sa mana kati.

Dakta (Samaru): Abba, da wasa ka faɗa amma ka taɓo wurin da ya fi damuna, ku ba ni haƙuri in ɗan tsawaita. In kifi ya bar Fotugal ya yi Faransa, wani zai taso daga Maroko ya maye gurbinsa. In na Maroko ya tafi, na Muritaniya da Senegal zai hauro. Kowa yana karɓar baƙo daga maƙwabcinsa da ya fi shi zafi. To mu fa? Gaɓar Najeriya, wajen kilomita 850, tana tsakanin digiri 4 da 6 ne kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu. Muna cikin wuraren da suka fi ko'ina ɗumi. In namu ya ji ba zai iya ba ya tafi, babu wani teku a bayanmu da ya fi namu zafi da zai turo mana nasa. Masu sanyi canjin kifi suke yi, mu ragi za mu gani.

Sannan ku buɗe taswira ku duba yadda gaɓarmu take kwance. Ta Amurka da ta Ostireliya a tsaye suke, kudu da arewa, kifi na iya tsallakawa daga wannan bakin kogi zuwa na gaba yana samun sauƙi kaɗan-kaɗan. Tamu daga Kalaba zuwa Legas zuwa Ghana har Laberiya gabas da yamma take. Kifin da ya bar Bonny ya koma Forcados bai tsere wa komai ba, daga rana ya koma rana. Kifin tsakiyar teku yana iya nutsawa ƙasa inda ruwa ya fi sanyi. Ɗan kifin da dole sai a ruwan zartsi zai girma ba shi da wannan zaɓin, don ɗakin renon nasa a manne yake da ƙasa. Shi ya sa wani hasashe da aka buga a 2010 ya nuna cewa zuwa tsakiyar ƙarnin nan abin da za a iya kamawa a yankunan zafi zai iya raguwa har da kashi 40 cikin 100, na can ƙuryar arewa kuma ya ƙaru da kashi 30 zuwa 70. Hasashe ne, ba wahayi ba, amma alƙiblarsa ta yi daidai da abin da ake gani. Mun saba cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan kam wani ya ja, wani ake duka.

Malam Liman (Ƙofar Doka): Allah ya saka da alheri Dakta. Tun da kuka fara maganar ruwan zartsi nake tuna aya ta 53 a Suratul Furƙan, inda Allah ya ambaci koguna biyu, ɗaya mai daɗi ɗaya mai gishiri, da shamaki a tsakaninsu. Mun karanta ta a zaure shekara da shekaru, ban taɓa kawo wa raina cewa a wannan tsakanin ne abincin talaka yake girma ba.

Dakta (Samaru): Allah ya gafarta Malam, ai ku ne manya.

Ɗan Masu (Dakace): Salam. Baba yana gefena na karanta masa duk abin da aka rubuta, ya ce in rubuta nasa yadda ya faɗa. Ya ce a gaida Dakta, amma shi bai yarda a ɗora wa zafi laifin komai ba. Ya ce shi tun yana yaro yake bin mahaifinsa su a Galma, ya je Yawuri, ya yi shekara shida a Baga lokacin da ake loda banda mota-mota. Ya ce a da in ya jefa birgi a gurbi ɗaya zai ɗago da ƙarfasa da kurungu da ƙawara, wani lokaci a mamari a samu giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka. Yanzu yaro ya kwana a ruwa ya dawo da abin da bai cika kwanon sha ba. Ya ce ba rana ce ta cinye su ba, mutane ne. Taru mai ƙananan ido kamar gidan sauro, da ke kwashe uwa da 'ya'ya. Masu zuba gamalin a ruwa. Masu noman rani da suka kai shuka har bakin gaɓa, ƙasa na zubawa tana cike gurabe. Da can Sarkin Ruwa in ya ce an rufe wuri, an rufe, ba mai jefa ko ƙugiya sai an buɗe. Ya ce masunci dama bin kifi yake, in ya ƙare a nan ya naɗe komarsa ya yi gaba, amma yanzu duk inda ka je labarin ɗaya ne.

Dakta (Samaru): A gaida Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku gaya masa ban musa ko ɗaya ba. A Galma abin da ya lissafa shi ne kan gaba, ba zafi ba. Tafkin Chadin da ya zauna ma fari ne da janye ruwa suka rage shi, daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba a shekarun 1980.

Sadiq Gyallesu: To Dakta ni nan ne ban gamsu ba, a yi mini afuwa. In a Galma kun yarda mutane ne, me ya sa a bakin teku za a ce zafi ne? Neja Delta fa man fetur ya malala a ciki shekara da shekaru, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ga manyan jiragen waje suna shara. Ta yaya za a ware a ce wannan kason na zafi ne?

Hauwa Kwarbai: Ina bayan Sadiq a nan. A Oron abin da na ji suna kuka da shi, ban da tsadar man kwale-kwale, shi ne wani irin kaba da ya mamaye gaɓa, nipa suke ce masa. Turawa suka kawo shi Kalaba a 1906, yanzu ya kori itatuwan asali a wurare da yawa. Su kuma itatuwan asalin da suka rage su ake sarewa a yi bandar da su. Ban taɓa jin wani ya ce ruwa ya yi zafi ba.

Dakta (Samaru): Tambaya ce mai kyau, kuma ita masana suka fi shan wahala a kanta. Ga yadda ake rarrabewa. Yawan kamu da gurɓata ruwa suna rage kifi ne, ba ruwansu da ko mai son sanyi ne ko mai son ɗumi, duk wanda ke da kasuwa ko ya sha guba ya tafi. Zafi kuwa yana da sa hannu nasa na daban: masu son sanyi su ja baya daga gefen kudu, masu son ɗumi su ɓullo a gefen arewa, a lokaci guda, a wurare da yawa da ba su haɗa gwamnati ko masunta ba. In ka ga abu ɗaya a Fulorida da Lisbon, ba za ka ce taru ɗaya ne ya yi ba. Kuma sai da dogon awo. A mashigin Naragansit na Amurka tun 1959 ake jan koma a wurare biyu da ba a canzawa duk mako ana ƙirga abin da ya fito, shi ya sa suke iya nuna yadda kifin hunturunsu ya ragu, na ɗumi ya ƙaru. Irin wannan naci shi nake yi wa cibiyar binciken teku ta Legas da ta ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa fatan a ba su kuɗin yi ba yankewa.

Hauwa, masunci ba zai ce miki ruwa ya ƙara digiri ɗaya ba, hannu ba ya jin wannan. Abin da zai ce shi ne kifi ya yi nisa, ko ya zo a makare, ko ya ƙanƙance. Kuma abubuwan ba sa zuwa ɗaya-ɗaya. Kifin da aka sare masa mafaka, aka kwashe iyayensa, shi ne ɗan ƙarin zafi zai fi kayarwa.

Akwai misali kusa da mu da ya haɗa zafi da gishiri. A Senegal, bayan farin shekarun 1970 da 1980, kogunan Salum da Kasamas sun rasa ruwan daɗin da ke turo teku baya. Teku ya shigo, rana ta yi ta ƙafar da ruwan, har can ciki gishiri ya ninka na teku, a wasu wuraren ya haura giram 100 a lita. Aka wayi gari kogi ya juye, ciki ya fi baki gishiri. Yawancin nau'o'in kifi suka bar can ciki, aka bar masu taurin rai irin wata ƙarfasa mai baƙin haɓa, su ma sun tsumbure, suna haihuwa tun suna ƙanana. Duk abin da ya rage ruwan da ke gangarawa, fari ne ko madatsa, haka yake yi wa bakin kogi ko da bai kai wannan ba.

Maman Ummi (Sabon Gari): To ni dai yanzu ƙanƙancewar bongata zafi ne ko gishiri ne ko taru ne?

Dakta (Samaru): Hajiya, na fi zargin taru da kasuwa a yau. Ƙari a kan haka, a Muritaniya da Senegal da Gambiya an kakkafa masana'antun da ke niƙa bonga da wani ɗan'uwansa da Wolof ke kira yaboi, a mai da su gari a fitar waje a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Shi yaboi ɗin kuma bincike ya nuna yana matsawa arewa, daga wajen Senegal zuwa Muritaniya da Maroko. Zafin yana ƙasa yana aiki a hankali, kamar gara a azara.

Abba Bakano: Wato dai a ƙarshe maganata ce, kasuwa.

Sadiq Gyallesu: Ba a ce dala ba, an ce kasuwa.

Dakta (Samaru): Abba, tunda kasuwa kake so, ga labarin taitus. Kafin wajen 2006 mutanen Aisilan kusan ba sa kama shi, don ba ya zuwa ruwansu da yawa. Sai ga shi ya fara malalowa can da bazara, har ya kai Girinlan. Aisilan ta ce tunda a gidana yake kiwo ina da rabo, a 2010 ta yanka wa kanta tan 130,000, tsibiran Faro ma suka yanka nasu. Norwe da Tarayyar Turai suka ce ba su san zance ba. Aka yi ta rikici shekaru, kowa na kama abin da ya ga dama, jimillar ta riƙa wuce abin da masana suka ba da shawara. Masana sun ce ɗumamar ruwa da yawan da kifin ya yi a lokacin duk sun taimaka wajen bazuwar tasa. Kifi ya motsa, yarjejeniyar rabo ta tsaya inda take, wannan rigimar kuma tana cikin kuɗin katan ɗin da ake saukewa a Sabon Gari. In ƙasashe masu jiragen sintiri da lauyoyi sun kasa sasantawa, ku auna mai kwale-kwale a Oron in nasa ya tsallaka ruwan Kamaru.

Maman Ummi, ki yi mana wani abu. In kin je ɗaukar kaya, ki duba jikin katan ɗin, akwai inda ake rubuta FAO da lamba. In kin ga 27, daga arewa maso gabashin Atilantika ya fito. In 34 ne, ruwan Afirka ta Yamma ne, daga Maroko zuwa wajen Kongo.

Injiniya Shehu (Ɗanmagaji): Dakta kafin ka gudu, ma'aunin zafin ruwa irin na kwami a ina zan samu? Kuma da wane lokaci ya fi a auna?

Dakta (Samaru): Masu sayar da abincin kifi suna kawowa. Ka auna da asuba da kuma wajen la'asar, ka riƙa rubutawa a littafi da kwanan wata. Iska ta fi ƙaranci gab da fitowar rana, shi ya sa ka same su suna haki a lokacin.

Ɗan Masu (Dakace): Baba ya ce a tambayi Dakta ko shi wannan sunuk ɗin yana da ƙaya da yawa, kuma ko ya kai ragon ruwa daɗi.

Dakta (Samaru): Ku ce masa ban taɓa ci ba, a hoto na san shi.

Ɗan Masu (Dakace): Ya yi dariya, ya ce to ashe ku ma ji kuke yi.

Maman Ummi (Sabon Gari): Jama'a na dawo daga ɗakin sanyi yanzu. Na sa yaron shagon ya goge ƙanƙarar jikin kwalin da hannun riga muka duba. Na taitus an rubuta 27, kilo 20, Norwe. Na sa ya juyo mini na kote shi ma, wannan 34 ne, Muritaniya. Mai shagon yana ta kallona wai Hajiya yau kuma aikin kwastan kika koma? Rabin katan na ɗauka na taitus, na cike da kote. Ɗan yayar tawa kuma kada wanda ya gaya masa abin da Dakta ya ce, don ba zan sha da surutu ba. Bari in je in hura wuta, magariba ta kusa.